Injin zuƙe ƙura da ya mutu a tsakiyar hunturu: yadda muka sauya masa moto a Bauchi

A makon farko na watan Janairu, da hantsi, ɗan yayata ya shigo shagona da ke kusa da kasuwar Wunti rungume da wani abu a baƙar leda. Wankin mota yake yi a wani gareji da ke hanyar Yalwa. Ko gaisuwa bai ƙarasa ba ya ajiye ledar a kan benci ya ce, "Kawu, ka rufa mini asiri. Bakyum ɗin Oga ne ya mutu a hannuna, kuma ya ce in bai tashi ba daga kuɗin aikina zai cire."

Injin zuƙe ƙura ne na hannu, mai caji, irin wanda ake bi da shi lungu-lungu a cikin mota, ƙarƙashin kujera da tsakanin giya da birkin hannu. Ba shi da wani suna sananne. A jikinsa an rubuta bolt 11.1, cajarsa kuma tana ba da 12.6. Wata goma sha ɗaya ke nan da sayensa, kuma a garejin nan kullum sai ya shiga mota goma ko fiye.

Na danna makunni. Ya tashi da wata ƙara kamar ana niƙa tsakuwa, ya yi daƙiƙa huɗu, ya ɗauke ɗif. Na sake dannawa, haka. A karo na uku na kai hanci bakin ramukan da iska ke fita, sai ga ƙaurin nan da duk mai gyaran fanka ya sani, ƙaurin wayar kwayil da ta sha zafi.

Batir ne, ko moto?

Kafin ya zo wurina an riga an yanke wa injin hukunci. Ogansa ya ce batir ne. Wani mai gyaran waya da suka fara kai wa shi ma ya ce batir ne, har ya faɗa musu kuɗin sabo. Ban ga laifinsu ba, domin na'ura mai caji in ta tashi ta ɗauke, mafi yawan lokuta batir ɗin ne ya gaji. Amma batir da ya gaji ba ya ƙauri irin wannan, ba ya kuma sa inji ƙarar niƙa.

Sukuru bakwai suka riƙe jikin, ɗaya a ɓoye ƙarƙashin sitika. Da muka raba shi biyu, abin da ke ciki bai taka kara ya karya ba: batir uku masu siffar gora, irin 18650 da ake samu a tsofaffin batiran laftof, an jera su a haɗe, ɗan ƙaramin bod a kansu, makunni, sai moto da farfelarsa cikin zoben roba. Mu a bakin sana'a "moto" muke cewa, ɗan injin da ke juya farfelar ke nan, kada a rikita shi da motar hawa.

Kowane ɗaya daga cikin batiran nan 3.7 ne a rubuce, in ya cika ya kai 4.2. Na sa mita: na farko 4.12, na biyu 4.11, na uku 4.07. Amma mita kaɗai ba ta isa shaida ba, don batir da ya mutu ma yakan nuna cikakken lamba matuƙar ba a ɗora masa kaya ba. Sai na cire wayoyin moto, na haɗa ƙwan fitilar mota mai wat 55 a madadinsa. Ƙwan nan yana jan amfiya huɗu da wani abu. Ya kama tangaram, ya yi minti biyar yana haske, bod bai yanke ba, ƙarfin bai faɗi ƙasa da 11.4 ba. Batir dai da sauransa.

To me ke ɗauke wutar? Bod ɗin nan da ke kan batir mai gadi ne. Yana yankewa in caji ya yi yawa, yana yankewa in batir ya yi ƙasa sosai, yana kuma yankewa in wani abu ya ja wuta fiye da ƙima. Na haɗa tsohon moton da batir ɗin babur da nake gwaji da shi, na sa mita a tsakani. Lamba ta haura har ta wuce amfiya 10, iyakar mitata ke nan, na fizge waya da sauri don kada fis ɗinta ya ƙone. A ɗan lokacin nan na leƙa ta ramin baya na ga tartsatsi shuɗi ya zagaye cikin kamar zobe. Ashe bod ɗin da ake ganin shi ke kashe injin, shi ne ya hana batiran lithiyam ɗin nan yin zafi su kama da wuta a hannun yaron.

Na kama bakin shaf, sandar ƙarfen da farfela ke zaune a kai, na girgiza. Yana motsi gefe da gefe, har ana jin ƙas-ƙas. Bushin, ɗan zoben da shaf ke juyawa a cikinsa, ya cinye.

Abin da na tarar a cikin gwangwanin

Moto irin wannan ba a yi shi don a buɗe ba, murfin bayansa da 'yan kunnuwan ƙarfe aka danne shi. Ban buɗe don in gyara ba. Na buɗe ne don in san abin da ya kashe shi, saboda ruwa ba ya tsami banza, kuma moto mai wata goma sha ɗaya bai kamata ya kai wannan hali ba.

Buroshi biyu ne a ciki, 'yan guntayen kabon da ke gogar zoben tagulla na jikin amecha, wato ɓangaren da ke juyawa a ciki, suna ba shi wuta. Ɗaya ya rage kamar ƙwayar shinkafa. Ɗayan ya ƙare ƙarƙaf, hannun tagullar da ke riƙe da shi ne ke gogar zoben kai tsaye, har ya yi masa kwari. Ramukan da ke raba zoben gida-gida duk sun cika da wani baƙin laka, garin kabon haɗe da ƙura, ya daskare. Wannan lakan yana ɗaukar wuta, saboda haka ya haɗe gidajen da ya kamata su kasance a rabe, wutar na zagayawa inda ba aikinta ba. Wayar kwayil ɗin, wadda ya kamata ta zama ja mai sheƙi, ta koma kalar ƙonannen ƙosai a gefe ɗaya. Da na buga gwangwanin a kan farar takarda, sai da ƙura ja mai laushi kamar hoda ta zubo kusan rabin cokalin shayi.

Na ce wa yaron, "Ina filta?"

Ya yi shiru, sannan ya ciro ta daga kwandon shara na injin. Takardar ta yage daga gindi, an cusa guntun tsohuwar safa a wurin.

A nan labarin ya fito. Tun da sanyi ya shigo, filta takan toshe kafin azahar. Duk wanda ya zauna a Bauchi daga Disamba zuwa Fabrairu ya san ƙurar hunturu, wadda iska ke kwasowa daga Sahara, musamman kwarin Bodele da ke ƙasar Chadi. Ka goge gilashi da safe, da yamma ka rubuta sunanka a kai. Motocin da ke zuwa wanki daga hanyar Ningi da Darazo da Alkaleri cike suke da ita, a kafet, a kujera, ko'ina. In injin ya daina ja, sai yaron ya wanke filta a bokiti, ya yarfe ta, ya mayar, domin mai mota na tsaye yana jira. Jiƙaƙƙiyar filta da ƙura mai laushi, tabo ke nan. Ta ƙara toshewa, ya ƙara wankewa da buroshi, har takardar ta ruɓe ta yage. Ya ji tsoron faɗa wa Oga, ya toshe da safa. Sati biyar ana aiki a haka.

Akwai abin da mutane da yawa suka fahimta a baibai game da injinan nan, kuma shi ne zuciyar wannan lamari. Ana zaton in filta ta toshe, moto wahalar ja yake sha. A'a. Ka toshe bakin injin da tafin hannu ka saurara: ƙarar sama take yi, domin farfela ta rasa iskar da za ta tura, kaya ya ragu, moto ya ƙara gudu. Illar ita ce, iskar da yake zuƙa ita ce dai take bi ta kansa tana sanyaya shi. In ta tsaya, yana gudu ne cikin zafinsa. Wannan shi ya dafa kwayil a makonnin da filta ke jiƙe. Da ta yage kuma, sai ƙura ta sami hanya kai tsaye zuwa buroshi da bushin, tana cin su kamar samfefa. Zafi ya fara, ƙura ta ƙarasa.

Ban yi wa yaron faɗa ba. Ba wanda ya taɓa gaya masa cewa masu ƙera irin waɗannan injina suna cewa a bar filta ta bushe aƙalla awa 24 bayan wanki. Filta ɗaya aka ba shi, da layin motoci.

Neman madadi

Babu lamba a jikin tsohon moton sai 'yan haruffa da suka goge, don haka awo na bi. Kaurin gwangwani milimita 36 ba kaɗan, tsawo 50, kaurin shaf 3.17, ramukan sukuru biyu a goshi da tazarar milimita 25. Wannan shi ne girman da ake kira 540. Yana da ƙane, 385 da danginsa, masu kauri kusan 28 da shaf 2.3, waɗanda ake sa wa ƙananan injina. Yana da wa kuma, 550, kauri ɗaya da shi amma tsawonsa 57.

Na aiki yaron shagona ya zagaya wurin masu kayan lantarki a Wunti da Babbar Kasuwa. Ya dawo da 550 mai bolt 12, na motar wasan yara, da ɗan giya a bakinsa. Mai shagon ya ce masa ai duk ɗaya ne. Ba ɗaya ba ne. Milimita bakwai ɗin da ya ɗara sun hana jikin injin rufuwa, sai an yanke haƙarƙarin roba da ke riƙe da batir, ni kuwa ba na taɓa abin da ke riƙe batirin lithiyam. Bayan haka akwai maganar gudu. Moto biyu za su iya zama girma ɗaya, bolt ɗaya, amma naɗin wayarsu ya bambanta. Mai siririyar waya da naɗi da yawa a hankali yake juyawa, mai kaurin waya da naɗi kaɗan shi ne mai gudu, shi ne kuma mai shan wuta. Farfelar injin zuƙe ƙura tana son juyi sama da 20,000 a minti. In gudun ya ragu da rabi, ƙarfin zuƙa ba rabi yake komawa ba, kusan kashi ɗaya cikin huɗu yake komawa. In kuma ka sa wanda ya fi ƙarfin bod, ka koma gidan jiya: ya tashi, ya ɗauke. Muka mayar da shi.

Na duba wurin 'yan gwangwan ko za a dace da mataccen inji irinsa mai lafiyayyen moto. Na sami ɗaya, amma da na leƙa buroshinsa ya kusa ƙarewa. Sa shi zai zama yaudarar kai da yaudarar mai kaya. A ƙarshe wani abokin sana'a a kasuwar Sabon Gari ta Kano ya samo sabon 540 mai bolt 12 wanda aka yi don irin wannan aiki, ya ba direba a tasha, washegari da la'asar ya iso. Kuɗinsa da na mota da na filta biyu, duka bai kai kashi ɗaya cikin uku na kuɗin sabon inji ba. Sai da na kira ogan yaron na faɗa masa lissafin ya amince kafin in ce a turo.

A nan ya kamata in ce wani abu ga masu manyan injina. Irin su na kamfanin Dyson moto marar buroshi suke amfani da shi, mai bod ɗinsa a jiki, wanda a samfurin V10 yake kaiwa juyi 125,000 a minti. Wannan ba a cire masa farfela a kan benci, ba a kuma musanya shi da na kasuwa. Duk abin da nake bayani a nan na moto mai buroshi ne, mai waya biyu.

Farfela

Wurin da aikin yake lalacewa a hannun mutane ke nan. Farfelar roba ce, ba sukuru ba noti, matse ta aka yi a kan shaf. In ka sa sukurudireba ta gefe ɗaya ka ɓanɓara, ko ta tsage ko ta karkace, kuma ba a sayar da ita daban. Ta fashe, injin ya tafi.

Kafin in taɓa ta na auna tazarar da ke tsakanin bayanta da goshin moto. Katin waya biyu a haɗe suka shiga daidai, na ajiye su a matsayin ma'auni. Sannan na zura ƙarafa biyu masu faɗi a ƙarƙashinta, ɗaya dama ɗaya hagu, dab da shaf inda robar ta fi kauri, na ɗora su a bakin bais, ƙarfen matse kaya da ke kan benci, moto na reto a ƙasa. Na sami ƙusa da ta fi shaf siranta, na goge tsininta ya zama bai-ɗaya, na ɗora a kan shaf ɗin ta tsakiyar farfela. Bugu kaɗan-kaɗan da ƙaramar guduma. A na takwas ya motsa, a na goma sha biyu moto ya faɗa cikin tsumman da na shimfiɗa. Farfela ta fita lafiya. Na wanke ta, domin ƙurar da ta manne a fikafikanta ma tana sa ta rawa.

Mayarwa ma da ƙa'idarta. Dole ƙarshen shaf na baya ya zauna a kan ƙarfe, ta yadda ƙarfin matsi zai bi ta shaf ɗin kansa. In gwangwanin ka tokare, za ka tura amecha ta danne murfin baya, sabon moto ya lalace tun bai yi aiki ba. Na sa ɗan ƙaramin soket a kan cibiyar farfela, na matse a bais a hankali, ina tsayawa ina gwada katunan nan biyu, har suka shiga da ƙyar. Na juya da yatsa ina kallon gefenta a saitin ido. Ba ta rawa.

Sukurun goshi na da na mayar, ban canza ba, don in suka ɗara tsawo za su taɓo kwayil a ciki. Ɗan kafasita da ke tsakanin ƙafafun tsohon moton, mai rage tartsatsi da hayaniyar wuta, na ciro shi na mayar a sabon. Duk wannan aikin dalma an yi shi ne bayan na raba batir da sauran injin na naɗe bakin wayarsa da salatif. Batir uku ɗin nan in wayoyinsu suka haɗu, nan take za su mai da waya ja wur. Kafin in rufe, na ba sabon moton wuta daga batir guda ɗaya na minti goma, yana juyawa a hankali, don buroshi su zauna daidai a kan zoben.

Muka rufe, muka danna. Ya tashi da ƙara mai daɗi, bai ɗauke ba. Yaron ya ce, "Alhamdu lillahi, Kawu!" Na zuba yashi a kan benci na kai bakin injin. Ya ɗebi na sama-sama ya bar sauran. Na sa tafin hannu, da ƙyar yake kama fata.

Kuskuren nawa ne. Sabon moton yana da jan ɗigo kusa da ƙafa ɗaya, alamar inda jar waya ke zuwa, na bi shi ba tare da na duba ta wane gefe tsohon yake juyawa ba. Farfelar irin wannan inji ba kamar ta fankar ɗaki ba ce. In ta juya a baibai ba hura iska take yi ta baki ba, tana dai zuƙa, amma da rauni ƙwarai, shi ya sa mutum zai iya rufe inji ya miƙa wa mai shi bai san ya yi kuskure ba, daga baya a ce moton ne jabu. Abin ya dame ni, domin da na ɗauki hoto tun farko da ban sake kwance sukuru bakwai ba. Na duba lanƙwasar fikafikan. Doronsu ne ya kamata ya riƙa yin gaba, bakinsu na bin baya. Na sauya wayoyin biyu, sannan na leƙa tartsatsin buroshi ta ramin baya, saboda wasu motocin an saita su ne don gefe ɗaya kawai, in aka juya su suna cin buroshi da wuri. Wannan tartsatsinsa ɗan kaɗan ne ta kowane gefe.

A karo na biyu ya kama tafin hannuna har sai da ya bar shaida. Yashin ya tafi gaba ɗaya, har da 'yan guntayen dalma. Mita ta nuna amfiya 7.2 in baki a buɗe yake, ta sauko biyar da ɗoriya in na toshe. Na sa yaron ya toshe da hannunsa yana kallon lambar tana sauka, ƙara na hawa, sannan na sa ya taɓa ramukan baya ya ji babu iskar da ke fita. Na ce, "Ka ga lokacin da yake wannan kukan? Ba ƙarfi ya ƙara ba, numfashi ya rasa. Ka kashe, ka kaɗe filta." Da cikakken caji ya yi minti goma sha huɗu kafin bod ya yanke, abin da ya yi daidai da batir mai 2000mAh a wannan ja.

Da yamma ogan ya zo karɓa da kansa. Na shimfiɗa masa farar takardar nan da ƙurar a kai, da buroshin da ya ƙare, da filta mai safa. Na ce, "Alhaji, yaron ya yi kuskure da ya ɓoye maka yagewar filta, wannan na faɗa masa a gabanka. Amma filta ɗaya ba za ta riƙe gareji a hunturu ba. Ga biyu. Ɗaya na aiki, ɗaya na bushewa a inuwa har kwana guda. Tsakanin mota da mota a kaɗe ta kawai, ba sai an kai ta ruwa ba. Tabarmin ƙafa kuma a fitar a kakkaɓe tukuna kafin a sa inji. Kuma wannan ɗan abu ba a yi shi don mota goma a rana ba, in hali ya yi a nemi babba mai waya, wannan ya zama na lunguna." Ya juya buroshin a tafin hannunsa ya daɗe yana kallo. Ya biya kuɗin gyara daga aljihunsa, ya ce kuɗin filta ɗaya kaɗai zai cire daga na yaron, saboda ɓoyewar.

Bayan sati shida, a watan Fabrairu, na sa aka kawo mini injin na sake buɗewa. Bayan filta fes yake, ɗan hazo-hazo kawai a fikafikan farfela, shaf ba ya motsi. Sai dai batir na ukun nan da ya nuna 4.07 tun farko yanzu ya ƙara ja baya, 3.98 lokacin da 'yan'uwansa ke 4.15, kuma aikin ya sauko minti goma sha ɗaya. Na rubuta lambobin da kwanan wata a jikin salatif na manna a cikin murfi, na ce wa yaron in ya ga ya sauko minti takwas ya kawo, a sauya ukun gaba ɗaya.